Gurbin da Baba Ya Bar wa Ƙaho

Daga Allah muka fito, gare shi za mu koma, Baba kuwa ya riga mu tafiya. Ranar Laraba ce da hantsi. Ya sha kunu ludayi biyu, ya ce ya ƙoshi, ya juya fuskarsa gabas. Kafin azahar an kai shi makwancinsa.

Kwana uku ina zaune a tsakar gida ina karɓar gaisuwa, amma kunnena yana zaure wurin maza. Wani Bakano mai sayar da turkuɗi, rinannen yadin nan mai sheƙi, a kasuwar unguwarmu ta Zango ya shigo ya ce, "Allah ya jiƙan mai busa." Maƙwabcinmu ya yi maza ya gyara masa: "Mai bandiri dai, Alhaji." Kamar an zagi mamacin. Sojoji huɗu suka zo daga bariki, suka cire takalma a ƙofa, suka durƙusa a bakin tabarma, ba wanda ya matsa ya ba su wuri. Dangin Inna, mahaifiyata, suka iso daga Dakusa a kan jakuna, wata tsohuwa a cikinsu ta riƙe hannuna ta ce, "Ashe ya cika da kalmar shahada? Kai, alhamdu lillahi!" Na ce, "Iya, da me kika zata zai cika, da fareti?" Gwaggo, ƙanwar Baba, ta mintsine ni a cinya har sai da wurin ya yi shati.

Duk wannan na shanye. Abin da ya tsaya mini a maƙogwaro shi ne addu'ar Baffa. Baffa yayan Baba ne, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma shi ne muƙaddamin masu zikiri na unguwarmu. Ya ɗaga hannu a gaban jama'a ya ce, "Allah ya yafe wa ƙanena abin da ya yi cikin rashin sani." Aka ce amin.

Rashin sani! Wallahi ni ban ce amin ba. Ni ba malama ba ce, fura nake damawa, amma na san mutumin nan bai taɓa hura ƙaho sau ɗaya ba tare da ya san abin da yake nufi ba. Shekara ashirin yana roƙon abu ɗaya tak: a ba shi yini guda, masu bandiri da masu ƙaho su tsaya wuri ɗaya, ya ji abin da ya tsara da kunnensa. Ya mutu bai ji ba. Shi ya sa nake faɗin wannan a rubuta, kada a binne labarin kamar yadda aka binne mai shi.

Bari in fara da yadda ƙahon ya shigo gidanmu, tunda masu ƙyamarsa sun manta. Lokacin da Nasara suka zauna da gindinsu a Damagaram, kumandan ya ce kowace unguwa ta ba da maza. Mai unguwa ya nuna gidan kakana, kuma sunan Baffa ya kira, don shi ne babba. Baffa yana da mata da goyo, yana tsakiyar karatun littattafai. Gwaggo ta ce ranar sai da Baffa ya shige rumbu. Baba ne ya fito, saurayi ko gemu bai ajiye ba, ya ce wa gardin da kumandan ya aiko, "Ni ne ake nema." Suka tafi da shi. Ban taɓa jin Baba ya tayar da wannan zance ba, ko cikin fushi. Ni ce mai tayar da shi, kuma ba zan daina ba.

Kafin a ɗauke shi, ya riga ya iya bandiri. A wurin Larabawan Turabulus na Zango ya koya, waɗanda suke zikirinsu ranar Alhamis bayan la'asar. A bariki wani Annasara mai kula da masu busa ya ji shi yana kaɗa gindin kwano, ya cire shi daga masu bindiga ya miƙa masa ƙahon tagulla. Daga baya ya koya masa rubutun kiɗa, wannan mai layi biyar da ɗige-ɗige kamar kashin awaki. Da yaƙinsu da Jamus ya tashi, aka kwashe su zuwa ƙasar Faransi. Sanyi ya ci masa yatsun ƙafa biyu, aka kwantar da shi asibiti, da ya fara takawa aka kai su wani babban ɗaki su ji kiɗa.

Wannan labarin kam ya ba mu shi ya fi a ƙirga. "'Yata," in ji shi, "masu goge kamar gari guda. Akwai gogen da ya kai tsayin mutum. Ga masu sarewa, ga masu ƙaho, ga ganga. Kowa da abin da yake faɗi daban, kuma ba wanda ya take wa wani ƙafa. Wannan ya yi shiru don wancan ya yi magana. Na zauna ina kuka kamar an yi mini mutuwa. Na ce, yanzu duk wannan aiki, ba a kira sunan Allah a ciki ko sau ɗaya ba? Kai, asara!"

Da wannan asarar ya dawo gida, ita ce kuma ta hana shi zama har ya mutu.

Mutum ne mai abubuwan da ba a saba gani ba. Ba ya taɓa ƙaho sai da alwala. Leɓensa kullum a fashe, kullum da ɗan gwangwanin man kaɗanya a aljihu. In yana tunani sai ya ja yatsunsa biyar a kan yashin tsakar gida, layi biyar su fito, ya riƙa ajiye ƙwallon dabino a kai, kuma kaiton kazar da ta bi ta wurin. In aka tambaye shi lafiya, sai ya ce, "Numfashi aro ne, muna nan muna lallaɓa shi." In mutum ya cika surutu, ya ce, "Kai, bar wa na bayanka gurbi."

Rubutun kiɗansa ma daga dama yake farawa zuwa hagu, da alƙalamin kara da tawadar malamai, don ya tafi daidai da ajamin da yake rubutawa a ƙarƙashi. Wata rana Annasaran ya tsinci takardar, ya ɗauki sarewarsa ya busa ta daga hagu, yadda suka saba. Abin ya fito kamar kukan tunkiyar da aka raba da ɗanta. Ya yi dariya har da riƙe ciki, ya sa aka rufe Baba kwana biyu a kaso don ɓarnar takarda. Baba ya fito yana murmushi. Ya ce wa Inna, "Madalla. Yanzu ba zai ƙara leƙa takarduna ba." Haka kuwa aka yi.

Da ya dawo daga yaƙi, Baffa bai hana shi zama a zikiri ba, amma a ƙarshen sahu, kusa da takalma. Shi ke gyara musu fatun bandiri in sun saki, ya shanya a rana, ya ɗaure, bai taɓa karɓar ko goro ba. A nan ƙarshen sahun ya fara rera wani sabon zikiri a hankali, hailala ce da ɗan begen Annabi da ya tsara da kansa. Ya yi daɗi, mutane suka ɗauka, har ya zama da shi ake rufe zaman Alhamis. Abu ɗaya ne ya dame su. Bayan kowace hailala uku sai Baba ya ce a tsaya, hannu a kan fata, baki a rufe, a ja numfashi huɗu, sannan a ci gaba.

Baffa ya ce, "Wai me ake jira ne a nan?"

Baba ya ce, "Yaya, baƙo ake jira."

"Wane baƙo?"

"In ya zo za ka gan shi."

A bariki kuma, ko bayan ya gama aikin soja ana kiransa ya koya wa sababbi, don Nasaran ba sa daɗewa, wannan ya tafi wancan ya zo. A can ya koya musu wani kiɗa mai nauyi, manyan ƙahoni a ƙasa, ƙanana a sama. Shi ma da tsayawa a ciki, doguwa ma kuwa. Aminin Baba, dattijon sarjan da suka je yaƙi tare, shi ya gaya mini yadda wani laftanan ya ce, "Wannan wane irin kiɗa ne mai ramuka? Soja zai faɗa ciki ya karye." Aka hana busa shi a fareti. Amma an bar su suna yinsa da safe in za su ɗumama leɓe, shekara da shekaru, har bayan da aka mai da babban birni Yamai aka kwashe rabin masu busar.

To, na Zango suna ƙorafin rami, na bariki suna ƙorafin rami, ba wanda ya san ramin ɗan'uwansa.

Ni na gano, kuma ba da wayona ba. Na zo wankan jego gida bayan haihuwata ta fari. Da safe ina zaune a bakin ɗaki ina shayar da yarinya, iska ta kawo busar bariki. Da suka yi shiru, bakina ya kama hailalar Alhamis haka nan, don in lallashi jaririya. Ina kai ta uku, ƙahonin suka ɗauka daidai inda na ajiye. Na ja numfashi huɗu, suka sauke. Na sake, suka sake. Na ɗaga kai, sai ga Baba tsaye da buta a hannu, ruwa yana zuba a ƙafarsa bai sani ba.

Na ce, "Baba, ashe abu ɗaya ne?"

Ya ajiye butar ya zauna a ƙasa, a gabana, shi da ko a gaban kumandan ba ya son durƙuso. Ya ce, "Sake yi, 'yata. Don Allah sake yi." Na yi ta yi har aka daina busar. Wannan muryar tawa ta mai jego, da ƙahon da iska ke kawowa tana ɗaukewa, iyakar abin da ya ji ke nan a duniya.

Ranar ya sami ƙarfin zuciya ya je wa Baffa da maganar a fili. Ina bayan ƙofar zaure, ba na ɓoyewa, laɓewa na yi.

"Yaya, yini ɗaya nake roƙo. Ba a masallaci ba, ba a bariki ba. A fili, bayan gari."

"Da ƙahon da suka shigo mana gari da shi? Wanda ake busawa in za a ɗaga tutarsu? Ka manta waɗanda aka kashe ana wannan busar?"

"Ban manta ba. Na fi ka sani, ni nake busa ta. Shi ya sa nake so ƙahon nan ya durƙusa ya amsa wa sunan Allah, ko sau ɗaya."

"Sunan Allah ba ya bukatar tagullar kafiri."

"Ba ya bukatar fatar akuya ma, Yaya, amma kana kaɗa ta."

Nan fa Baffa ya miƙe. Wata uku bai amsa sallamar Baba ba. Ba zan yi ƙarya in ce Baffa ba shi da hujja ba. Ya ga abin da ya gani a garin nan, kuma Nasara ba sa son taron 'yan ɗariƙa, ƙiris suke jira. Amma yini ɗaya fa! A bariki ma amsar ɗaya ce: kayan busa na gwamnati ne, ba a fita da su don sha'anin malamai. Duk shekara in azumi ya wuce sai Baba ya sa rigarsa mai kyau, ya je nan, ya je can, ya dawo ya rataye ta. A shekarun ƙarshe ko tambayarsa ba ma yi.

Da aka yi sadakar bakwai, na aika aka kira mini sarjan. Ya tsaya a zaure, na tsaya daga ciki.

Na ce, "Baba Sarjan, har yanzu kuna fita bayan gari da safe?"

"Talata da Asabar."

"Baffa ya tsayar da sadakar arba'in ɗin amininka ranar Asabar. Da hantsi za su yi zikiri a ƙofar gida. Akwai rijiya a bayan katangarmu. Soja ba ya jin ƙishirwa?"

Ina jin yana tauna goro. Ya ce, "'Yata, kaso ne fa. Wataƙila har da igiyar kafaɗata."

"Na sani."

"Kuma mu namu rabin kiɗan kawai muka sani. Daga bayan katanga ba za mu ji su sosai ba. Wa zai nuna mana inda za mu shiga?"

Na ce, "Ni. Daga kan soro."

Ya ce, "La'ilaha illallahu! Matar aure?" Can kuma ya yi wata 'yar dariya. "Kai, ɗiyar ubanta. To, Allah ya kai mu."

Maigidana da na gaya masa, ya dube ni ya dube ni, ya ce, "Ni ban ji ba. Ranar ina da tafiya Zermu." Allah ya saka masa, iyakar jarumtarsa ke nan, kuma ta ishe ni. Gwaggo kuwa cewa ta yi zan ja wa gidan abin faɗi har jikoki. Amma da ranar ta zo, ita ta riƙe mini tsani.

An raba waina da gumba, an yi addu'a, masu bandiri suka gyara zama. Baffa a tsakiya da farin rawani. Suka yi zikiri na farko, suka yi na biyu. Ina kwance rub da ciki a kan soro, rana tana dukan bayana, faifai a hannuna. Ta hagu ina ganin kawunan masu zikiri. Ta dama ga sojoji goma sha biyu a bakin rijiya suna shan ruwa a guga, tagulla tana walƙiya, sarjan yana kallon sama kamar mai duban hadari. Ban san ko Baffa zai bari a yi zikirin Baba ba. Sai wani tsoho a sahu ya ɗauko shi da kansa, saura suka bi.

Hailala ta ɗaya. Ta biyu. Ta uku. Hannuwa suka kwanta a kan fata.

Na miƙe tsaye, kowa yana ganina, na sauke faifan.

Ba su shiga daidai ba, kada in yi ƙarya. Mai babban ƙaho ya makara, wani ƙarami ya yi kuka kamar zakara mai mura. Mutane suka zabura, wasu suka tashi. Baffa ya ɗaga hannu ya daka tsawa, "Ku tsaya!" Amma numfashi huɗu ya cika, ƙahonin suka sauke, kuma hannun da ya shekara ashirin yana faɗawa kan fata a daidai wannan wurin ba ya jiran izinin kowa. Bandiri ya faɗa da kansa. Bakuna suka buɗe. Na sake sauke faifan, wannan karon tagullar ta shigo gaba ɗaya, manya a ƙasa kamar sa yana nishi, ƙanana suna hawa a kansu, suka ɗauki hailalar daga inda mutane suka ajiye ta suka miƙa musu ita.

Na ga tsohon da ya ɗauko zikirin ya buɗe baki yana waige-waige. Na ga Bakanon nan mai turkuɗi ya rufe fuska da hannun riga. Mata sun cika tsakar gida, Inna tana tsaye a tsakiyarsu da takabarta, ba ta motsi. Hannun Baffa yana sama har yanzu, amma ya manta da shi a can. Ni kuwa ina kuka ina sauke faifai, majina har baki, mayafina ya faɗa tsakar gida, ban damu ba. Daga baya ma sojojin ba sa kallona, sun riga sun ji juna.

Bai daɗe ba. Bai fi a tatse saniya ɗaya ba. Aka zo wurin da muka saba rufewa ranar Alhamis, masu bandiri suka tsaya. Ƙahonin suka yi wani hawa da ban taɓa lura da shi ba, suka hau, suka hau, kamar mai tambaya, sannan suka yi shiru suna jiran amsa. Ba wanda yake da ita. Iyakar abin da ya koya wa kowane ɓangare ke nan.

Sarjan ya ba da umarni, na ji takun takalmansu yana nisa. Kwana takwas ya yi a kaso, aka kuma cire masa igiya ɗaya. Da ya fito ya aiko mini da goro.

Na sauko. Gwaggo ta yafa mini mayafi, sai aka ce Baffa yana kira. Na shiga zaure na durƙusa, na shirya wa duk abin da zai faɗa, har tsinuwa. Mutane sun cika ƙofa. Ya daɗe yana jan carbi bai dube ni ba. Da ya yi magana, muryar ba tasa ba ce.

"Ke. Daga nan fa? Ina sauran?"

Na so in yi shiru, Allah ya sani, don babba babba ne. Allah ya jiƙan Baba, ya haskaka kabarinsa, ya sa can a jiyar da shi abin da aka hana shi ji a nan. Mu kuma ya yafe mana, har da ni da bakina. Amma na ɗaga kai na dubi yayan ubana.

Na ce, "Baffa, cewa ya yi ba zai iya rubuta sauran ba sai ya ji farkon. Sauran yana can inda kuka kai shi ranar Laraba."